BABI NA UKU: Tarihin Darajar Takardun Kuɗi da Musanya Su da Tsaba a Yankin Gusau, Tsafe da Bunguɗu

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi ƙoƙarin bin diddigin yadda takardar kuɗi ta shigo hannun jama'ar yankin Gusau, Tsafe da Bunguɗu, da ƙauyukan da ke cin kasuwanninsu irin su Kekun Waje. Za a duba yadda ta sami daraja, da kuma abin da ya faru a lokutan da hukuma ta yi niyyar mayar da wasu takardun zuwa tsaba, watau kuɗin ƙarfe. Akwai wani abin mamaki a cikin wannan tarihi. A farkon zamanin Turawa manomi ya ƙi takarda ya riƙe tsaba, amma bayan shekara saba'in jikansa ya ƙi tsaba ya riƙe takarda. Babin zai nuna cewa dalili ɗaya ne ya haifar da halayen biyu, shi ne talaka yana auna kuɗi da abin da za su saya masa yau, da kuma abin da za su saya in ya ajiye su zuwa baɗi.

3.1 Daga Ina Darajar Takarda Take?

Azurfa da zinariya suna da daraja a jikinsu, domin ko an soke tambarin da ke kansu ana iya kai su wa maƙeri ya ƙera munduwa. Ita kuwa takarda alkawari ce kawai. Hukuma ce ta ce wannan falle ya kai kaza, jama'a kuma suka yarda za su karɓa daga hannun juna. Ƙasar Sin ce ta fara wannan dabara, inda gwamnatin daular Song ta soma fitar da takardun kuɗi a ƙarni na 11. A Turai kuwa wani banki a birnin Stockholm ne ya fara a 1661, sannan aka kafa Bankin Ingila a 1694. A duk waɗannan wurare takarda ta tsaya ne a kan abu biyu: amincewa da mai fitar da ita, da kuma tsayuwar farashin kaya. Da wannan ma'auni ne za a duba abin da ya faru a yankin da ake nazari.

3.2 Zamanin Wuri

Kafin zuwan Turawa, wuri shi ne kuɗin kasuwa a ƙasar Zamfara da sauran sassan Daular Sakkwato, shi ya sa ma kalmar "kuɗi" ita ce jam'in "wuri". Ana ƙirga shi da hannu a ƙasa, ana kiran 1,000 zambar, ana kuma ɗinke 20,000 a cikin keso guda. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya sauka Kano a 1851, ya tarar ana canza dalar azurfa ɗaya a kan wuri 2,500. Ke nan keso guda, wanda kaya ne na ɗan dako, bai wuce dala takwas ba. Saboda haka manyan fatake sukan yi babban ciniki da dalar azurfa ta Mariya Tareza ko tufafi, su bar wuri don cefane.

Tun daga tsakiyar ƙarni na 19 'yan kasuwar Jamus suka riƙa jigilar wuri mai araha daga Zanzibar zuwa gaɓar Afirka ta Yamma. Wurin ya yi yawa, darajarsa ta faɗi, har ta kai ladan ɗaukarsa zuwa gari mai nisa yana cinye wani kaso mai yawa na kuɗin. Wannan shi ne darasi na farko da jama'a suka koya: idan kuɗi suka yi nauyi a ka, suka yi sauƙi a kasuwa, to kwanansu ya kusa ƙarewa.

3.3 Tsabar Turawa da Farkon Takarda

Bayan cin Sakkwato a watan Maris na 1903, gwamnatin Lugga ta hana shigo da wuri a 1904, sannan a hankali aka matsa a riƙa biyan haraji da jangali da kuɗin Turawa. Tun daga 1907 aka soma buga ƙananan tsaba masu huji a tsakiya, masu tauraro mai tsini shida da rubutun Larabci, watau kwabo da anini, daga baya aka ƙara ɗari. A 1912 aka kafa Hukumar Kuɗi ta Afirka ta Yamma domin Nijeriya da Gana ta yau da Saliyo da Gambiya, ta kuma fara fitar da sulallan azurfa a 1913. Hausawa suka raɗa wa kowane mataki suna kamar haka:

anini goma: kwabo ɗaya
ɗari: rabin kwabo
taro: kwabo uku
sisi: kwabo shida
nai: kwabo tara
sule: kwabo goma sha biyu
dala ko fataka: sule biyu
fam: sule ashirin
jaka: fam ɗari

Yawan waɗannan sunaye shaida ce ta yadda tsaba ta shiga rayuwar jama'a. Ita kanta kalmar "jaka" ta samo asali ne daga jakar da ake zuba sulalla na fam ɗari a ciki.

Takardun farko na wannan hukuma sun fito ne a 1916, a tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, lokacin da azurfa ta yi tsada, tsaba kuma ta yi wuya. Jama'a ba su karɓe su hannu biyu ba. A shekarun 1919 da 1920 an kai ga mai takarda ba ya samun cikakken canjinta a kasuwa, sai ya yarda an rage masa wani abu. Hukumar ta warware matsalar a 1920 ta hanyar buga sulalla na gaurayen ƙarfe mai ruwan tagulla maimakon azurfa.

Bai kamata a ɗauki wannan ƙin takarda a matsayin jahilci ba. Manomi yana sayar da amfaninsa sau ɗaya ne a shekara, da kaka, kuma kuɗin za su jira shi har bazara. Ɗakinsa na ciyawa ne, bankinsa kuwa tukunya ce da ya binne a ƙasa. Gara na cin takarda, gobara na lashe ta, damina na jiƙa ta, alhali sule yana fitowa daga toka yadda ya shiga. Bugu da ƙari, takardar fam ɗaya ta fi ƙarfin kasuwar ƙauye, inda ake sayen gishiri da daddawa da anini.

Hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Zariya ta bi ta Funtuwa da Gusau ta isa Ƙauran Namoda a 1929. Wannan ya mai da Gusau cibiyar sayen gyaɗa da auduga, kamfanonin Turawa suka buɗe kantuna, aka kafa injin gurzar auduga. Kuɗi suka yawaita a hannun manoman Tsafe da Bunguɗu da ƙauyukansu fiye da da. Duk da haka, tsawon lokaci tsaba ce ake ɗauka jaka-jaka zuwa wuraren awo, takarda kuwa ta fi zagawa tsakanin kamfanoni da 'yan baranda da ma'aikatan En'e.

3.4 Takarda Ta Sami Karɓuwa: 1959 Zuwa 1990

Babban Bankin Nijeriya ya fara aiki ranar 1 ga Yuli, 1959, ya kuma fitar da takardu da tsaba na Nijeriya ta kanta. An canza takardun a 1965 don su dace da sunan jamhuriya, aka sake canza su a Janairun 1968 lokacin yaƙin basasa domin a kashe waɗanda suka faɗa hannun 'yan Biyafara.

Ranar 1 ga Janairu, 1973 aka koma Naira da Kwabo, inda fam ɗaya ya zama Naira biyu, sule ya zama kwabo goma, sisi ya zama kwabo biyar. Takardun farko su ne na kwabo 50 da Naira 1 da 5 da 10. Tsabar kuwa ita ce rabin kwabo, kwabo 1, 5, 10 da 25. Abin lura ga wannan yanki shi ne an sa hoton auduga a jikin rabin kwabo, aka sa gyaɗa da dalarta a jikin kwabo 25, watau amfanin gona biyu da suka gina Gusau. A 1977 aka fitar da Naira 20 mai hoton Janar Murtala Muhammed, wadda har yau ake kira "Murtala". A 1979 aka sa hoton Herbert Macaulay a Naira 1, Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa a Naira 5, Alvan Ikoku a Naira 10.

Abubuwa da dama ne suka sa takarda ta sami gindin zama a wannan lokaci. Kuɗin man fetur na shekarun 1970 sun sa ciniki ya girma fiye da abin da tsaba za ta iya ɗauka. Rufin kwano da akwatin ƙarfe sun rage tsoron gobara da gara. Har ila yau, takardun suna ɗauke da adadinsu cikin ajami, don haka wanda ya yi makarantar allo yana iya karanta abin da ke hannunsa. Mafi muhimmanci kuma, Naira tana da ƙarfi, domin a 1980 Naira ɗaya ta fi dalar Amurka ɗaya daraja nesa ba kusa ba. A wancan zamani takarda da tsaba suna aiki tare: takarda ta sayi buhu, tsaba ta sayi ƙuli-ƙuli.

Amma canjin kuɗi na watan Afrilu, 1984, a ƙarƙashin mulkin Janar Muhammadu Buhari, ya tuna wa jama'a raunin takarda. An sauya launin takardu ban da ta kwabo 50, aka rufe iyakokin ƙasa, aka ba da kusan mako biyu kacal don canji, aka kuma ƙayyade Naira 5,000 ga mutum ɗaya a hannu. Mutumin ƙauye da ke nesa da banki shi ne ya fi shan wahala, domin abin da bai kai ba cikin wa'adi ya zama takardar banza.

3.5 Mayar da Kwabo 50 da Naira 1 Zuwa Kwandala a 1991

A 1991, zamanin Janar Ibrahim Babangida, lokacin da Alhaji Abdulkadir Ahmed yake gwamnan Babban Banki, aka janye takardun kwabo 50 da Naira 1 aka mai da su kwandala, aka kuma fitar da sabuwar takardar Naira 50 da jama'a ke kira "Wazobiya". Hujjar yin haka tana da ƙarfi a lissafi. Ƙaramar takarda ita ce ta fi yawo daga hannun mai manja zuwa na mahauci zuwa na yaron mota, saboda haka takan tsufa cikin ɗan lokaci, sai an sake bugawa. Kwandala kuwa tana iya yin shekara ashirin ko fiye ba ta lalace ba. Ko da yake buga ta ya fi tsada da farko, in ta daɗe tana aiki sai ta mai da kuɗinta.

Sharaɗin wannan lissafi shi ne darajar kwandalar ta daɗe kamar yadda ƙarfenta zai daɗe. A nan ne aka sami matsala. Tun daga watan Satumba na 1986, a ƙarƙashin shirin gyaran tattalin arziki da aka fi sani da SAP, aka saki Naira ta nemi farashinta a kasuwar canji. A 1985 dalar Amurka ba ta kai Naira ɗaya ba, amma a 1991 ta kai kusan Naira goma, a 1993 kuma kusan Naira 22 a farashin hukuma. Hauhawar farashin kaya ta kasance kamar haka a shekarun da suka biyo bayan fitar kwandalar:

1992: kimanin kashi 45 cikin ɗari
1993: kimanin kashi 57 cikin ɗari
1994: kimanin kashi 57 cikin ɗari
1995: kimanin kashi 73 cikin ɗari

Idan aka tara waɗannan ƙididdiga bisa juna za a ga farashi ya ninka kusan sau shida cikin shekara huɗu. Ma'ana, kwandalar Naira ɗaya ta 1991 ba ta sayen abin da ya wuce na kwabo 16 ko 17 a ƙarshen 1995. Ƙarfen yana nan garau, amma abin da yake wakilta ya narke.

A kasuwannin yankin sakamakon a bayyane yake. Mai sayar da hatsi da ya tara kwandaloli sai ya ga ya koma halin kakansa mai keson wuri, nauyi a aljihu, kaɗan a ciniki. In ya kai wa babban ɗan kasuwa a Gusau, ƙirga ta ɓata lokaci ne. Da zarar na sama ya ƙi karɓa, na ƙasa ma dole ya ƙi, domin ba wanda zai karɓi abin da ba zai iya kashewa ba. Ta haka kwandalar ta fita daga kasuwa ba tare da wata doka ta kore ta ba. Jama'a kuma suka ɗauki wata fahimta da ta zauna daram, cewa duk kuɗin da aka mai da ƙarfe to an yi masa jana'iza. A haƙiƙa hauhawar farashi ce ta kashe Naira ɗaya, amma da yake mutuwar ta zo tare da kwandala, sai laifin ya hau kanta.

3.6 Yunƙurin 2007 da na 2012

Yayin da ƙananan kuɗi ke ɓacewa, manya suna ta fitowa: Naira 100 a 1999, Naira 200 mai hoton Sardauna Ahmadu Bello a 2000, Naira 500 a 2001, Naira 1,000 a 2005. Ranar 28 ga Fabrairu, 2007, zamanin Farfesa Charles Soludo, Babban Banki ya sake gwadawa. An fitar da sababbin kwandaloli na kwabo 50 da Naira 1, aka ƙara sabuwa ta Naira 2, aka janye ƙananan tsaba daga kwabo 25 zuwa ƙasa. A lokacin ne kuma aka fitar da Naira 20 ta leda, aka cire ajami daga ƙananan takardu. A 2009 aka mai da Naira 5 da 10 da 50 su ma na leda. Kwandalolin 2007 ba su yi tasiri ba, domin tun ranar da suka fito da wuya a sami abin da Naira biyu za ta saya.

A watan Agusta na 2012, Malam Sanusi Lamiɗo Sanusi, gwamnan Babban Banki na lokacin, ya bayyana shirin fitar da takardar Naira 5,000 tare da mai da Naira 5 da 10 da 20 kwandala. Ta fuskar lissafi wannan shiri ya fi na 2007 ma'ana, domin waɗannan kuɗi suna da abin saye a lokacin. Amma jama'a da Majalisar Tarayya suka yi ca, Shugaba Goodluck Jonathan ya dakatar da shirin a watan Satumba na wannan shekara. Hausawa na cewa wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Abin da ya faru bayan 1991 shi ne macijin.

3.7 Kwatanci da Wasu Ƙasashe

Domin a tabbatar cewa matsalar ba ta ƙarfe ba ce, ya kamata a duba wuraren da irin wannan canji ya yi nasara. Ingila ta fitar da kwandalar fam ɗaya a 1983, ta janye takardar gaba ɗaya a 1988. Kanada ta yi haka da dalarta ɗaya tsakanin 1987 da 1989. A ƙasashen biyu farashi bai gudu ya bar kwandalar ba. Amurka kuwa ta fitar da kwandalar dala ɗaya a 1979 amma ba ta janye takardar ba, sai mutane suka ci gaba da amfani da wadda suka saba.

Misalin da ya fi kusa shi ne Jamhuriyar Nijar. Hausawan Maraɗi da Damagaram 'yan'uwan na Zamfara ne a harshe da al'ada, kuma suna ciniki da tsabar sefa a kullum, suna ƙirga ta da "dala", watau sefa biyar. Ko da aka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, an ci gaba da ɗaure ta da kuɗin Faransa, daga baya da yuro, don haka farashi bai riƙa ninkawa shekara bayan shekara ba. A 2003 ma an fitar da kwandalar sefa 500, ta kuma shiga kasuwa. Wannan ya isa hujja cewa Bahaushe ba ya ƙin tsaba don al'ada.

3.8 Illar Rashin Tsaba da Rikicin 2023

Rashin ƙananan kuɗi yana da illa, kuma talaka ne ke ɗaukarta. Idan babu abin da ya gaza Naira 5 ko 10 a kasuwa, duk ƙarin farashi sai ya yi tsalle zuwa takarda ta gaba. Mai saye kan karɓi alewa ko ashana a madadin canjinsa, ko ya yafe. Matar aure mai sana'ar ƙosai ko daddawa a cikin gida ba ta da hanyar ƙara kaɗan a farashi, sai dai ta rage girman ƙulli. Asusun yumɓu da yara da mata ke tara tsaba a ciki ya rasa amfaninsa na asali. Ita ma hukuma tana ci gaba da kashe kuɗi wajen sake buga ƙananan takardu da ke saurin lalacewa.

Dogaro da takarda kaɗai ya nuna haɗarinsa a 2023. A watan Oktoba na 2022 Babban Banki, ƙarƙashin Godwin Emefiele, ya sanar da sauya fasalin Naira 200 da 500 da 1,000, ya sa 31 ga Janairu, 2023 a matsayin wa'adi, daga baya ya ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Aka karɓe tsofaffin takardu, sababbi kuma ba su wadata ba. A yankin da yawancin bankuna suke cikin Gusau, hanyoyin ƙauyuka kuma suna fama da 'yan bindiga, mutumin gari irin Kekun Waje ya sami kansa da hatsi ko dabba amma babu mai kuɗin saye a hannu. Jihar Zamfara tana cikin jihohi uku na farko, tare da Kaduna da Kogi, da suka kai ƙarar Gwamnatin Tarayya Kotun Ƙoli. Ranar 3 ga Maris, 2023 kotun ta yanke cewa tsofaffin takardun su ci gaba da aiki har ƙarshen shekara, a watan Nuwamba kuma ta ɗage wa'adin gaba ɗaya.

3.9 Kammalawa

A wannan babi an ga cewa kuɗi iri uku ne suka bi ta hannun jama'ar Gusau, Tsafe da Bunguɗu cikin shekara ɗari da 'yan kai, watau wuri da tsaba da takarda. An bar wuri lokacin da nauyinsa ya fi darajarsa. An ƙi takarda a 1919 domin ba ta jure ajiyar ƙauye, an kuma karɓe ta bayan 1959 da ta tabbatar da amfaninta. An ƙi kwandalar 1991 da ta 2007 domin farashi ya wuce su. Saboda haka wannan nazari yana ganin duk wani shiri na mai da takarda tsaba a nan gaba ba zai yi nasara ba sai an fara tsayar da hauhawar farashi, wadda ta haura kashi 30 cikin ɗari a 2024. Sannan a zaɓi adadin da yake da abin saye a kasuwar ƙauye, a tabbatar bankuna suna karɓar tsabar daga hannun 'yan kasuwa ba tare da wahalarwa ba, a kuma ba mutanen karkara isasshen lokaci. Babi na gaba zai duba sunayen kuɗi da karin maganganun da suka danganci kuɗi a bakin mutanen wannan yanki.